Yadda Ake Tantance Tsohuwar Kyamarar Jamus Mai Naɗewa Kafin a Saya, da Yadda Ake Gwada Ta da Fim

Daga ƙarshen shekarun 1920 zuwa ƙarshen shekarun 1950, masana'antun Jamus sun ƙera kyamarori masu naɗewa masu ɗimbin yawa, waɗanda idan an rufe su sukan shiga aljihun riga, idan kuma an danna maɓalli sai ƙofar gaba ta buɗe, gilashin ido ya fito a bakin wata jakar fata mai lanƙwashe-lanƙwashe irin zugazugin maƙera. Da yawa daga cikinsu suna aiki har yau, kuma fim ɗin da suke ci bai ɓace daga kasuwa ba. Na sayi irin waɗannan kyamarori sau da dama, na gyara wasu, na kuma yi asarar kuɗi a kan wasu, kuma asarar da na yi kusan duk ta zo ne daga kallon sunan da ke jikin kyamara maimakon duba lafiyarta. Saboda haka na jera matakan nan ta yadda za ka fara da aibin da ba ya gyaruwa, domin idan ka same shi ka ajiye kyamarar tun kafin ka ɓata lokaci a kan sauran.

Kalmomi huɗu za su yi ta maimaituwa. Zugazugi ita ce jakar fatar da ke tsakanin ido da jikin kyamara. Maƙifta ita ce na'urar da ke kewaye da ido, mai buɗewa ta rufe cikin ƙiftawa don haske ya shiga. Kafar haske ita ce ramin da ake faɗaɗawa ko a tsuke a cikin ido, mai lambobi kamar 3.5, 5.6, 8, 11 da 16, inda babbar lamba ke nufin ƙaramar kafa. Madogarai kuwa su ne sandunan ƙarfen da ke riƙe ido a tsaye idan an buɗe ƙofa.

Kayan aiki

Kana buƙatar ƙaramar tocila mai haske sosai, da gilashin ƙara girman abu, da famfon iska na roba wanda ake matsawa da hannu, da buroshi mai laushi, da tsinken auduga, da ƙyalle mai laushi irin na goge tabarau, da sipirit mai tsabta. Ka tanadi guntun takarda mai shara-shara irin wadda ake kwafar zane da ita, da baƙin tef, da fim biyu masu lamba 120 na baƙi da fari masu ƙarfin jin haske 100, da kwarkwaron fim guda ɗaya wanda babu komai a kansa. Idan akwai igiyar danna maƙifta mai makulli da ƙafa uku ta ɗora kyamara, aikin zai fi sauƙi. Idan babu su, tebur mai ƙarfi da mutum ɗaya mai taimako sun isa. Tocilar waya tana iya maye gurbin tocila, amma haskenta a baje yake, don haka sai ka ƙara haƙuri wajen duba zugazugi. Kada ka sa filaya da man keke a cikin kayan nan, domin su biyun ne suka fi kashe irin waɗannan kyamarori a hannun sababbin shiga.

Mataki na 1: Ka tabbatar da irin fim ɗin da take ci

Buɗe bayan kyamara ka duba cikin murfin, domin yawanci akwai rubutu ko takardar talla da ke nuna fim ɗin da ya dace da ita. Abin da kake nema shi ne 120, wanda Jamusawa kan rubuta B2 ko BII, ko kuma 135, wato fim mai faɗin milimita 35. Kodak ne ya fito da fim 120 a 1901, kuma har yau Kodak da Ilford da Foma suna yin sa. Yana ba da hoto 8 a kyamara mai girman santimita 6×9, hoto 12 a mai 6×6, da hoto 16 a mai 6×4.5.

Idan ka ga 116 ko 616, ka san an daina yin wannan fim tuntuni, kuma kyamarar ta fi dacewa da ado a kan kanta. Lamba 127 ana samunsa da ƙyar kuma da tsada. Lamba 620 kuwa, wanda Kodak ya daina yi a 1995, fim ɗaya ne da 120, kwarkwaronsa ne kawai ya fi siriri, don haka ana iya warware 120 a cikin duhu a naɗe shi a kan kwarkwaron 620. Wannan aiki ne mai yiwuwa, amma ba na ba mai koyo shawarar ya fara da shi.

Mataki na 2: Ka karanta sunaye uku, ba ɗaya ba

Kowace irin wannan kyamara tana ɗauke da sunan mai jikinta, da sunan gilashin idonta, da sunan maƙiftarta, kuma sau da yawa kamfanoni uku ne dabam-dabam suka yi su. Kyamara biyu masu suna ɗaya suna iya bambanta ƙwarai a daraja saboda idon da aka sa wa kowacce.

Zeiss Ikon ya kafu ne a 1926 bayan haɗewar kamfanoni huɗu, wato ICA, Ernemann, Goerz da Contessa-Nettel, da hedikwata a Dresden. A 1929 ya fito da Ikonta, bayan 'yan shekaru kuma ya fito da Super Ikonta mai ma'aunin nisa a jikinta, sannan da Nettar, ƙanwarsu mai araha. Lambar samfurin tana buge a fatar bayan kyamara: 515 zuwa 518 Nettar ce, 520, 521, 523 da 524 Ikonta ce, 530 zuwa 534 Super Ikonta ce. Abin da ke bayan layi shi ne girman hoto: /2 na nufin 6×9, /16 na nufin 6×6, /15 na nufin babban fim ɗin nan 116 ko 616 da aka daina yi, idan kuma babu komai a bayan lambar to 6×4.5 ce. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kamfanin ya rabu yadda ƙasar ta rabu: na Yamma ya koma Stuttgart ya ci gaba da ƙira har zuwa farkon shekarun 1970, masana'antar Dresden a Gabas kuwa ta fito da Ercona, wadda siffarta ta Ikonta ce.

Voigtländer ya girmi sauran, domin a Viyana aka kafa shi a 1756 kafin ya koma Braunschweig. Nasa su ne Bessa, wadda ta fara fitowa a 1929, da Bessa II ta 1950, da 'yar ƙaramar Perkeo mai 6×6. Agfa ya ƙera Billy da Isolette da Record a Munich, sannan Super Isolette a 1954. Kodak Retina ma 'yar Jamus ce duk da sunan Amurka da ke jikinta: a masana'antar August Nagel ta Stuttgart aka yi ta, bayan Kodak ya sayi masana'antar, kuma ta fito a 1934 tare da gwangwanin fim 135 da ake amfani da irinsa har yanzu. Akwai kuma Balda da Welta da Certo da Franka, waɗanda ba su da suna kamar na sama, kuma a wurinsu ne mai ƙaramin ƙarfi kan yi dace.

Idanu kashi biyu ne a taƙaice. Masu gilashi uku su ne Novar na Zeiss Ikon, Voigtar da Vaskar na Voigtländer, Agnar da Apotar na Agfa, da Radionar na Schneider. Masu gilashi huɗu su ne Tessar, wanda Paul Rudolph ya tsara a kamfanin Zeiss a 1902, da Skopar, Solinar da Xenar. Heliar na Voigtländer gilashi biyar ne. A ra'ayina mai koyo kada ya raina mai gilashi uku, domin idan aka tsuke kafar haske zuwa 8 ko 11, ba kowa ba ne zai iya bambanta hotonsa da na Tessar, kuma Novar mai tsabta ya fi Tessar mai hazo nesa ba kusa ba. Idon da aka yi bayan yaƙi yawanci yana da wani shafi mai ƙyallin shuɗi ko ja-ja wanda ke rage warwatsuwar haske, kuma a idanun Zeiss akan nuna shi da jan harafin T.

Maƙifta kuwa gida biyu ne suka mamaye ta. Friedrich Deckel na Munich ya yi Compur, Compur-Rapid da Synchro-Compur, kuma biyun ƙarshe ne ke kaiwa kashi ɗaya cikin 400 ko 500 na daƙiƙa. Alfred Gauthier na Calmbach ya yi Vario da Pronto masu gudu kaɗan, da Prontor-S, SV da SVS masu cikakken jeri.

Mataki na 3: Ka buɗe ƙofa ka duba madogarai

Riƙe kyamara da hannu ɗaya, ka tara ɗaya hannun a gaban ƙofa, sannan ka danna maɓallin buɗewa, ka bar ƙofar ta sauko a hankali a cikin tafinka har madogarai su kulle da ɗan ƙara. Kada ka bari ta faɗo da ƙarfin sifirin, domin hakan na kwance ƙusoshinta, kuma idan akwai fim a ciki, zugazugi na iya zuƙo shi daga mazauninsa.

Da ta buɗe, kama bakin ido da yatsu biyu ka ɗan girgiza. Bai kamata ya yi wasa ba. Daga nan ka kalli kyamarar daga sama da kuma daga gefe, ka tabbatar farantin da ke ɗauke da ido yana tsaye daidai da bayan kyamara, bai karkata gaba ko gefe ba. Wannan shi ne aibin da nake mayar da kyamara saboda shi ba tare da jayayya ba, domin idan ido ya karkata, gefe ɗaya na kowane hoto zai fito a dushe, kuma miƙe madogaran da suka lanƙwashe aiki ne da ko ƙwararru ke gudu. Kyamarorin 6×9 sun fi kamuwa da shi saboda tsawon zugazuginsu.

Wajen rufewa, ka nemi inda ake danna madogarai, wanda yawanci gwiwarsu ce ko wasu 'yan maɓallai a gefe, kuma kada ka tura ƙofa da ƙarfi. Retina ba ta rufuwa sai an mayar da saitin nisa kan alamar ∞, wadda ke nufin nesa marar iyaka, kuma mutane da yawa sun lanƙwasa ta saboda rashin sanin haka.

Mataki na 4: Ka haska zugazugi a cikin duhu

Shiga ɗaki mai duhu, ka buɗe bayan kyamara, ka tabbatar maƙifta a rufe take, ka sa tocila a cikin zugazugi. Ka jira minti biyu ko uku idonka ya saba da duhu, sannan ka bi kusurwoyi huɗu ɗaya bayan ɗaya kana motsa tocilar, domin a kusurwa ne fata ke fara hujewa. Kowane ɗigon haske da ka gani, komai ƙanƙantarsa, zai bar tabo a fim. Idan a kasuwa kake da rana, ka lulluɓa da babban mayafi mai kauri ko bargo, ko kuma ka juya gwajin: ka kanga fuskarka a bayan kyamara, ka nufi rana da zugazugi, ka duba ko haske na ratsowa.

Zugazugin Zeiss Ikon da na Voigtländer na fata ne, kuma abin mamaki yawancinsu sun kai yau lafiya. Na Agfa Isolette da Record kuwa an yi yawancinsu da wani abu mai sheƙi wanda ba fata ba, kuma duk wanda ya saba da su ya san da wuya a sami wanda bai huje ba. Huda biyu ko uku ana iya toshe su daga ciki da ɗigon baƙin fenti mai laushi irin na zane a kan yadi, a shafa da tsinke, a bar kyamarar a buɗe kwana biyu kafin a naɗe ta, in ba haka ba lanƙwasar za ta manne da juna. Idan hudar ta yi yawa kamar taurari, toshewa ɓata lokaci ne, sai dai a sa sabuwar zugazugi, kuma dole ka lissafa kuɗinta a cikin ciniki. Baƙin tef a waje yana iya raba ka da fim ɗaya na gwaji, amma yana ƙara kauri har ƙofa ta ƙi rufuwa.

Mataki na 5: Ka duba gilashin ido

Sa maƙifta a kan harafin B, inda take zama a buɗe muddin kana danne da maɓalli, ka ɗana ta, ka danna ka riƙe, ka buɗe kafar haske gaba ɗaya, sannan ka haska tocila ta baya kana kallo ta gaba a ɗan karkace. Ƙura kaɗan da 'yan ƙananan kumfa a cikin gilashi ba su da illa, domin kumfar tun daga masana'anta take. Abin da ke da illa uku ne. Hazo, wanda ke kama da tururi a jikin gilashi, yawanci daga tsohon mai yake kuma sau da yawa yana goguwa. Funfuna tana kama da saƙar gizo-gizo, kuma idan ta daɗe takan ci fuskar gilashin ta bar zane na dindindin. Rabuwar gilashi kuwa tana faruwa a idanu irin Tessar, inda aka manne gilashi biyu na baya da ƙaro, kuma ana ganinta kamar launin bakan gizo ko rawaya-rawaya a gefe.

Wajen gogewa, ka fara hure ƙura da famfo, ka share da buroshi, sannan ka ɗiga sipirit a kan ƙyalle, ba a kan gilashi ba, ka goga daga tsakiya zuwa gefe ba tare da dannawa ba. Shafin da ke kan idanun farkon shekarun bayan yaƙi yana da laushi ƙwarai, kuma mai yawan gogewa garin neman gira zai rasa ido.

Mataki na 6: Ka saurari maƙifta

Sa gudu a kan daƙiƙa 1, ka ɗana, ka danna, ka kasa kunne. Lafiyayyar maƙifta tana yin ƙara guda mai santsi daga buɗewa zuwa rufewa. Idan ta yi jinkiri, ko ta tsaya a tsakiya, tsohon mai ne ya daskare a cikin haƙoranta, kuma wanki take buƙata. Za ka iya ɗaukar sautin da waya ka auna tsawonsa. Daga nan ka bi sauran gudun ɗaya bayan ɗaya kana kallo ta baya, ka ga ko hasken yana gajarcewa a kowane mataki. Ka duba ganyayyakin maƙifta da na kafar haske: tsatsa ko danshin mai a kansu alama ce ta aiki a gaba.

Gargaɗi biyu ne a nan. A tsofaffin Compur, gudu mafi sauri yana da ƙarin sifirin nasa, don haka sai an sa gudun kafin a ɗana, kuma kada a tilasta zoben zuwa 400 ko 500 bayan an ɗana. Na biyu, kada ka taɓa ɗan hannun jinkiri mai jan ɗigo, wanda ke ba mai hoto damar shiga cikin hoton, domin shi ne ya fi daskarewa, kuma idan ya maƙale a tsakiya maƙifta duka ta tsaya. Idan ka ga kyamara ta ƙi dannuwa daga maɓallin sama, kada ka yanke mata hukunci nan take, domin samfuran da suka fito daga baya suna da makullin hana ɗaukar hoto biyu a wuri ɗaya, kuma sai an murza fim yake saki.

Maƙifta mai jinkiri a ƙananan gudu ba dalilin fasa ciniki ba ce, muddin gudu 50 da 100, wato kashi ɗaya cikin 50 da cikin 100 na daƙiƙa, suna aiki, domin da su za ka ɗauki yawancin hotunanka da rana. Wankinta na gaskiya sai an kwance ta, kuma wannan aikin mai gyaran kyamara ne, ko ƙwararren mai gyaran agogo da ya yarda ya cire gilasan tukuna. Zuba mai ta gaba yana manne ganyayyakin ne kawai.

Mataki na 7: Ka gwada saitin nisa

A yawancin waɗannan kyamarori gilashin gaba ne kawai ke juyawa, kuma nisan yana rubuce da mita ko ƙafa a zobensa. Ya kamata ya juya da santsi. A kyamarorin Agfa akwai sanannen koren giris wanda ke daskarewa kamar siminti, har ya manne gilashin gaba da na tsakiya. Wani lokaci zoben yana juyawa, mai saye ya yi murna, alhali gilasan biyu ne ke kwancewa tare, saiti kuma ya tashi daga aiki. A Isolette ta farko da na saya na kama zoben da filaya, kuma abin da na samu shi ne zobe mai tabo da gilashi mai tsaguwa a gefe. Hanyar da ta dace ita ce a cire gilasan biyu tare, a jiƙa mahaɗarsu da sipirit kwana da kwanaki, a ɗan ɗumama, a riƙa gwadawa da hannu har su saki.

Don tabbatar da saiti, ɗora kyamara a kan ƙafa uku ko tebur, ka buɗe bayanta, ka shimfiɗa takarda mai shara-shara a kan layukan ƙarfen da fim ke bi, ka ja ta ta miƙe sosai ka manne da tef. Buɗe maƙifta a B, ka buɗe kafar haske duka, ka sa nisa a ∞, ka nufi abu mai nisa sosai kamar hasumiya ko dogon ƙarfen sadarwa. Hoton zai fito a kife a kan takardar, sai ka duba kaifinsa da gilashin ƙara girma. Idan ya fi kaifi a wata lamba dabam ba a ∞ ba, wani ya taɓa kwance zoben, kuma ana gyara shi ta sassauta 'yan ƙananan sukurori uku na zoben a mayar da shi daidai. Maimaita gwajin da abin da ka auna nisansa da tef ɗin awo, kamar mita 2.

Idan kyamarar tana da ma'aunin nisa, leƙa ka ga siffa biyu da ke haɗewa su zama ɗaya idan saiti ya yi daidai. Ka san bambanci: a Super Ikonta, Bessa II da Super Isolette ma'aunin yana haɗe da ido, a Isolette III da Ikonta mai lamba 524 kuwa sai ka karanta nisan ka mayar da shi kan zobe da hannunka. Masu sayarwa sukan haɗa su a kalma ɗaya, amma farashinsu ba ɗaya ba ne.

Mataki na 8: Ka yi ciniki da abin da ka gani

Masu tara kyamarori suna biyan kuɗi mai yawa a kan abubuwa sanannu: ma'aunin nisa mai haɗe da ido, ido mai gilashi huɗu ko biyar mai shafi, Synchro-Compur, da fata da fenti na asali. Bessa II mai idon Apo-Lanthar tana cikin mafiya tsada saboda ƙarancinta. Jakar fata, kwali da littafin bayani suna ƙara daraja, haka ma ɗan farantin ƙarfen da ake sa wa wasu kyamarorin 6×9 don su ba da ƙananan hotuna, wanda yawanci ya ɓace. Ƙulle-ƙullen da kake gani a ƙarƙashin fatar kyamarorin Zeiss Ikon tsatsar tagulla ce a kan ƙusoshi, tana rage kyau amma ba ta taɓa hoto. Ka kuma lura da Moskva, wadda aka ƙera a Tarayyar Sobiyet bisa siffar Super Ikonta mai 6×9: kyamara ce mai amfani, amma ba a biyan kuɗin ta Jamus a kanta.

Idan daga ƙasar waje za ka yi oda ta intanet, cinikin biri a sama ne sai ka nemi hujja. Ka roƙi hoton gilashi da tocila a bayansa, da bidiyon maƙifta a daƙiƙa 1, da hoton kyamarar a buɗe daga gefe. Kalmar "ba a gwada ba" a talla ka ɗauke ta a matsayin "tana da matsala", ka yi tayi a kan haka. Ga mai farawa, Nettar ko Ikonta mai 6×6 da idon Novar ita ce zaɓina, domin zugazuginta na daɗewa, madogaranta gajeru ne masu ƙarfi, kuma babu abubuwa da yawa da za su lalace a jikinta.

Mataki na 9: Ka loda fim ka ɗauki hotunan gwaji

A cikin inuwa, sa kwarkwaron da babu komai a ɓangaren mamurɗi, sabon fim a ɗaya ɓangaren. Yanke takardar da ta ɗaure shi, ka ja harshen takardar bayan fim ta kan ramin hoto, baƙin gefenta yana kallon ido, ka cusa shi a tsagar kwarkwaro, ka murza sau biyu ko uku ka tabbatar yana tafiya a miƙe. Rufe baya, ka buɗe 'yar jar tagar da ke jikin murfin baya, ka murza a hankali har lamba 1 ta bayyana. An yi jar tagar ne a zamanin da fim ba ya jin jan haske, fim ɗin yau kuwa yana ji, don haka ka rufe ta da zarar ka gama murzawa, idan babu murfi ka sa baƙin tef. Tsofaffin kyamarorin 6×4.5 suna da taga biyu: kowace lamba za ta tsaya a taga ta farko ka ɗauka, sannan a ta biyu ka sake ɗauka.

Idan babu na'urar auna haske, da fim mai ƙarfin 100 ka sa gudu 100 da kafa 16 a rana tsaka mai ƙarfi, 11 ko 8 idan akwai gajimare ko hazo, 5.6 a inuwa. A kyamarorin Zeiss Ikon akwai jan ɗigo a zoben nisa da wani a tsakanin 8 da 11, kuma idan ka daidaita su biyun, kusan duk abin da ke daga 'yan mitoci zuwa nesa zai fito da kaifi. Ka raba fim ɗin gwaji haka: bango mai bulo daga gaba da kafa a buɗe duka, abu a mita 2, abu mai nisa, sannan abu ɗaya da gudu dabam-dabam kana sauya kafa don hasken ya zo ɗaya. Ka bar kyamarar a rana minti ɗaya, ƙofar gaba a buɗe, baya a rufe, kafin hoto na ƙarshe, domin hudar da ta ɓoye maka ta tona kanta. Ka rubuta saitin kowane hoto a takarda. Ka saba da murza fim bayan ka buɗe ƙofa, dab da ɗauka, saboda ya kwanta a miƙe.

Bayan hoto na ƙarshe ka ci gaba da murzawa har takardar ta shige duka, ka cire kwarkwaron kana riƙe shi da ƙarfi kada ya warware, ka manne shi da takardarsa, ka mayar da wanda ya zama fanko ɓangaren mamurɗi don fim na gaba.

Mataki na 10: Ka karanta nagatif, ka ajiye kyamara

Ka nemi mai wanki ya dawo maka da nagatif ɗin kansa, wato fim ɗin da aka wanke, ba hoton da aka ɗora a kwamfuta kawai ba. Baƙin tabo a wuri ɗaya a cikin kowane hoto daga zugazugi yake. Baƙi a gefen fim har wajen iyakar hoto daga murfin baya ne, ko jar taga, ko kuma fim ya naɗu sako-sako. Bangon bulo mai kaifi a dama da dushewa a hagu yana nuna karkatar ido. Dogon layi a tsawon fim yana nufin akwai tsatsa a 'yan sandunan da fim ke birgima a kansu, kuma goge su da sipirit kan magance shi. Idan hotunan da ka ɗauka da gudu mai sauri sun fi sauran duhu a nagatif, maƙiftar ba ta kai gudun da aka rubuta ba, wanda abu ne da aka saba gani, sai ka riƙa tsuke kafa kaɗan a wannan gudun.

Wajen ajiya, ka bar maƙifta ba a ɗane ba, ka cire kyamarar daga jakar fatarta, domin tsohuwar fata na riƙe danshi tana kiran funfuna. Da damina ka sa ta a akwatin roba mai murfi tare da 'yan ƙunshin ƙwayoyin tsotse danshi irin waɗanda ake samu a kwalin sabon takalmi, ka riƙa shanya su a rana lokaci-lokaci. Da hunturu ƙura ce abokiyar gaba, don haka ka hure lanƙwasar zugazugi da famfo kafin ka naɗe ta, kuma kada ka bar ta a cikin mota da rana, saboda zafi yana narkar da giris ya gangaro kan ganyayyakin maƙifta. Sau ɗaya a wata ka fito da ita, ka buɗe ta ta sha iska, ka ɗana ka danna kowane gudu sau biyu ko uku, sannan ka mayar da nisa kan ∞ ka rufe.